Wanda Bai Gane Ba, Ya Yarda Kuwa?



Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi a Maradi ko Damagaram ko Tawa ya san yadda ciniki yake faɗawa. Mai saye zai tsoma hannu cikin buhu ya ɗebo gero, ya murza, ya duba ko da tsakuwa. Zai kalli tiyar da za a auna masa, ya ga ko an bubbuge gindinta. Sai ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, har a sallama. Idan daga baya ya dawo yana ƙorafi, mutane za su ce masa ai da idonka ka gani. Kuma suna da gaskiya, domin kusan duk abin da mai awo ya sani game da geron, shi ma mai saye ya sani.

To a banki, ko a asusun ajiya da ba da bashi, me mutum yake gani kafin ya yarda? Takarda ce mai shafuka da yawa, an rubuta ta da Faransanci, Faransancin ma irin na lauyoyi. Ma'aikaci zai nuna masa inda zai sa hannu, ko a miƙo masa tawada ya dangwala yatsa. Daga wannan lokaci an ɗauka ya amince da duk abin da ke ciki. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: mutumin da bai gane abin da ya sa wa hannu ba, za a ce ya yarda? Idan kuma bai yarda ba, nauyin yana wuyan wa?

A Nijar manyan mutanen da suka iya karatu da rubutu ba su kai rabi ba, wannan kowa ya sani. Amma kada mu ɗauka matsalar ta tsaya ga waɗanda ba su yi boko ba. Malamin makaranta ma, ko ma'aikacin gwamnati, yana iya karanta kowace kalma ya kasa gane lissafin. Bari in kawo misali. A ce an ba ka bashin jika 100 na tsawon shekara ɗaya, aka ce ruwansa kashi 2 cikin 100 ne a wata. Za ka lissafa jika 2 sau 12, ka samu jika 24, ka ce da sauƙi. Sai dai kowane wata kana mayar da wani ɓangare na uwar kuɗin. Bayan wata shida ka riga ka biya rabi, amma ana ci gaba da karɓar jika 2 kamar har yanzu jika 100 ɗin na hannunka. In aka daidaita, kuɗin da suka zauna wurinka a tsawon shekarar ba su wuce kimanin jika 54 ba. Ruwan da ka biya a zahiri ya haura kashi 40 cikin 100 a shekara. Wannan tun ba a sa kuɗin dosiye da ake cirewa kafin a miƙo maka ba, da na inshora, da ajiyar dole da ba ka da ikon taɓawa sai ka gama biya. Wannan hanyar lissafi sananniya ce a harkar ƙananan basussuka a duniya. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da aka faɗa maka, amma ka fita da fahimtar da ba daidai ba, kuma wanda ya yi maka bayanin ya san haka.

A shirye-shiryen da muke buɗe layi ga masu saurare a rediyo, duk ranar da aka taɓo zancen bashi, maganar da ta fi fitowa daga bakin masu kira ita ce "ba a gaya mini ba". Da wuya ka ji wanda ya musanta cewa ya ci bashin. Abin da suke kuka da shi shi ne tarar jinkiri da ba su san da ita ba, ko gonar da suka ɗauka an rubuta ta ne don a san suna da abin yi, ashe jingina ce. Akwai kuma wanda abokinsa ya ce ya zo ya sa masa hannu, ya tafi da niyyar shaida, sai daga baya ya tarar lamuni ya tsaya, ana bin sa dukan kuɗin da bai ci ko dala ba. A irin wannan ake rasa gona, ake sayar da awakin mata, ake ɓata zumuncin shekaru.

Masu ba da bashi suna da amsarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Za su ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Babba ne ya zo da ƙafarsa, ba a ɗaure shi ba, takarda tana gabansa, yana da damar kai ta a karanta masa. Idan kowa zai sa hannu yau, gobe ya ce bai gane ba, babu yarjejeniyar da za ta tsaya, kuma kuɗin da ake bayarwa ajiyar wasu talakawan ce. Za su ƙara da cewa bin bashin jika 50 a ƙauyen da babu hanyar mota yana da tsada, kuma akwai masu ci da niyyar ƙin biya. Duk wannan gaskiya ne. Ba na cikin masu ganin ya kamata bashi ya zama kyauta, ko a ɗauki talaka kamar yaron da ba ya iya yanke wa kansa shawara.

Amma karin maganar rariya ya ci amfaninsa ne saboda mai saye yana ganin hujojin. Yarda tana tsayawa ne a kan abu biyu, sani da zaɓi. Wanda damina ta kama shi babu iri babu taki, ko wanda matarsa ke kwance a asibiti, zaɓinsa ya riga ya ƙuntata, domin ranar biyan buƙata rai ba a bakin komai yake ba. Idan kuma aka rage masa sanin, me ya saura a cikin yardar tasa? Tawada ce kawai a kan takarda.

Wannan ba sabon tunani ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan hana tare ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su shiga kasuwa su ji farashi. Baƙon ya sallama da bakinsa, ba a ƙwace masa ba, amma an hana, domin an ci riba ne daga rashin saninsa. Sun kuma yi bayani a kan mutumin da ya miƙa wuya ga ɗan kasuwa ya ce sayar mini yadda kake sayar wa mutane: idan aka zarce masa farashi, an cuce shi, ko da ya biya da hannunsa. Sannan aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma wanda ake bi ne aka ɗora wa shibtar abin da za a rubuta. In mai rauni ne ko ba zai iya ba, waliyyinsa ya tsaya masa. Mu lura da hikimar. Wanda ya faɗi sharaɗi da bakinsa ba zai ce bai san shi ba. Yau kuwa mai bin bashin ne yake rubuta komai tun kafin mai karɓa ya shigo ofis.

Dokar zamani ma ta amsa cewa sa hannu kaɗai bai isa ba. A dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda Nijar da Cadi da Kamaru suke cikin ƙasashe 17 masu aiki da su, wanda zai tsaya wa wani lamuni sai ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauki nauyi, da lambobi da kuma haruffa. In bai iya rubutu ba, dole a samu shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa ma'anar abin da yake shiga da abin da zai biyo baya. A ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa na Afirka ta Yamma kuma, a farkon 2014 an rage iyakar ruwan bashi zuwa kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga asusun ƙananan basussuka, kuma ana auna wannan iyaka ne da jimillar abin da bashin ya ci wa mutum, har da kuɗin dosiye da makamantansu. A watan Oktoba na 2014 babban bankin yankin, BCEAO, ya wajabta wa bankuna yin ayyuka 19 kyauta, daga ciki akwai buɗe asusu, rufe shi, ba da takardar bayanin asusu sau ɗaya a wata, da tura kuɗi tsakanin asusu biyu na banki ɗaya. Dokoki ne masu kyau. Amma mutum nawa cikin masu bin layi a ƙarshen wata suka san da su? Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, da shi da babu kusan duk ɗaya ne.

Wani zai ce ai wahala ce a fahimtar da wanda bai yi karatu ba lissafin kuɗi. Matan karkara sun riga sun ba da amsa. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maradi a 1991 kuma daga baya aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama, an gina shi ne da matan da mafi yawansu ba su iya karatu ba. Ana zuba kuɗi a gaban kowa, a ƙirga da babbar murya, a kulle akwati, makullan suna hannun mata daban-daban. Wadda ta karɓi rance ta san nawa za ta mayar da ranar da za ta mayar, sauran ma sun sani. Su ma suna ɗora wani abu a kan rancen, amma ba a ɓoye yake ba. Ashe ba kan talaka ne ya kasa ɗaukar lissafi ba. Inda ake so ya gane, yana ganewa.

Saboda haka ni a ganina nauyin fahimtarwa yana kan wanda ya rubuta takardar. Shi ya san abin da ke ciki, shi ke maimaita wannan ciniki kullum, alhali mai karɓa wataƙila karonsa na farko ke nan, kuma shi bayanin ba zai ci masa fiye da ƴan mintoci ba. Ga kuma ma'aunin da kowane ma'aikacin banki zai iya auna kansa da shi ba tare da alƙali ba: da wannan mutumin ya gane abin da na gane, zai sa hannu? In amsar e ce, ribar da aka samu ta ciniki ce, Allah ya sa albarka. In kuwa ribar za ta gushe da zarar abokin ciniki ya gane, to daga duhun kansa aka ciro ta, kuma tambarin ofis ba zai wanke ta ba.

Abin da ake nema ba mai yawa ba ne. Kafin a miƙo biro, a faɗa wa mutum abu huɗu da harshen da yake ji: nawa zai karɓa a hannunsa, nawa zai biya gaba ɗaya, a waɗanne ranaku, da abin da zai same shi ko dukiyarsa idan ya makara. A sa ya maimaita da bakinsa. A ba shi takardar ya kai gida ya kwana da ita, ya nuna wa wanda ya amince da shi. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, to ina dalilin da zai hana a samu wannan bayani a shafi guda da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci? Ga wanda bai iya karatu ba, saƙon murya a wayar salula ya wadatar, tunda kamfanoni sun iya aiko mana da talla ta wannan hanya. Mu ma da muke gidajen rediyo, duk tallar bashin da ta ambaci sauƙin karɓa ya kamata ta ambaci jimillar biya, da murya ɗaya da sauri ɗaya.

Mai karɓar bashi shi ma yana da nasa. Kunya ce take hana da yawa daga cikinmu tambaya, kada a ce ba mu waye ba, ko kada ma'aikaci ya ji haushi ya hana. Tambaya ba ta rage mutunci, kuma in kunne ya ji jiki ya tsira. Wanda aka yi wa bayani dalla-dalla ya gane ya sa hannu, wannan ya ɗaure kansa, biya ya zama wajibi a kansa ko da ya yi masa nauyi, domin kuɗin na wasu ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba mai cewa ya fi ƙarfinsa. Abin da muke roƙo shi ne a bar mutum ya ga tiyar da ake auna masa kafin ya ce ya saya.

Allah ya tsare mu da cin haƙƙin wani, ya kuma rufa mana asiri.