Yadda ƙashi ke haɗewa bayan karaya

Idan ƙashin ƙafa ya karye, abin da maɗori zai iya yi kaɗan ne. Zai ja ƙafar ya daidaita bakin ƙashi da ɗan'uwansa, ya jera karare ko 'yan katakai, ya naɗe da tsumma, ya ce kada a taka. Likita a asibitin ƙashi na Dala ma hakan yake yi da filasta ko ƙarfe. Sauran aikin a ɓoye yake gudana, bisa tsarin da Allah Ya ɗora jiki a kai.

A kwanakin farko jini ne ke taruwa a wurin ya daskare, ƙafa ta kumbura ta yi zafi. Cikin mako 2 zuwa 3 sai wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya tsiro ya haɗa ɓangarorin biyu. Ya riƙe su, amma ba zai ɗauki nauyin mutum ba. Daga nan ya fara tauri ya zama ƙullutu, a manya yawanci tsakanin mako 6 zuwa 12. Jiki kuma ya shafe watanni, wani lokaci shekaru, yana sassaƙe ƙullutun nan har ya koma siffar ƙashi. Abin mamaki, da farko hutu ƙashin yake so, daga baya kuma nauyi yake so. Ƙafar da aka ƙi takawa bayan lokacin takawa ya yi, tsokarta zubewa take yi, ƙashin ya yi rauni.

Akwai karayar da hoton asibiti ba ya nunawa, kuma 'yan mazan jiya da yawa suna ɗauke da ita. Wasu sun kwaso ta daga Laberiya da Saliyo a zamanin ECOMOG, wasu daga yaƙin Arewa maso Gabas da aka faro a 2009. Mutum ya dawo gida lafiya lau a ido, ya ajiye kaki, amma barci ya gagara. Tayar mota ta fashe a titi, ya tsinci kansa kwance a ƙasa. 'Yan bindiga su yi harbi a hawan Sallah, gumi ya keto masa. Ba ya zama sai bayansa na jikin bango, idonsa na kan ƙofa. Wani kuwa shiru ne ke cinye shi: ya daina zuwa majalisa, abinci ya fita ransa, yaransa su riƙa sanɗa a tsakar gida. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da wannan firgita ta bayan tashin hankali cikin jerin cututtukansu, bayan abin da suka gani a sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Ba ragwantaka ba ce. Jikin da ya koyi zama cikin shiri don ya tsira ne bai gane yaƙi ya ƙare ba.

Wannan karayar ma ɗori take buƙata tukuna. Kararenta ƙananan abubuwa ne da mutum zai iya riƙe wa kansa: kwanciya da tashi a lokaci guda kullum, tafiyar ƙafa da safe, salla cikin jam'i ko zuwa coci, da jan numfashi a hankali ana sakinsa a hankali idan ƙirji ya fara bugu. Mafi ƙarfinsu shi ne aboki guda da shi ma ya ga filin daga, wanda ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sannan lokacin takawa ya zo. Wanda ke gudun kasuwa saboda cunkoso ya fara da tsayawa a bakinta minti 10 tare da wanda ya yarda da shi, gobe ya ƙara kaɗan. Kauce wa abin tsoro yana kawo sauƙi na ranar, amma yana ƙara wa tsoron ƙarfi, shi ya sa masu ba da magani ke koyar da tunkarar sa daki-daki. Giya da wiwi da tiramadol kuwa ɗori ne a karkace. Zafin yakan lafa, ƙafar ta haɗe a murɗe.

Wata karayar ta fi ƙarfin gida. Idan alamun nan sun wuce wata guda, ko suna hana aiki da zaman iyali, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, akwai kuma magani na magana da na sha. Iyalin tsohon soja, ku daina ce masa ya manta kawai. In kun ji yana cewa ya gaji da rayuwa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku nisanta shi da makami da ƙwayoyi, ku kai shi wurin likita a ranar.