Jikin da Ya Yi Shiru da Hankalin da Bai Gushe Ba

A zaurukan karatu na cikin birnin Zazzau, musamman unguwannin malamai irin su Kona da Juma, ɗalibin da ya kai babin abubuwan da ke warware alwala a littafin Ashmawi yakan tarar an kasa barci gida huɗu bisa tsawonsa da nauyinsa, kuma masu sharhi suna ba da alamar barci mai nauyi da cewa carbi ya suɓuce daga hannu ko yawu ya dalalo, alhali mai shi bai sani ba. Wannan sharaɗi na rashin sani shi ne ginshiƙin mas'alar, domin malaman Malikiyya sun rataya hukunci a kan gushewar hankali, faɗuwar carbi kuwa shaida ce kawai. Shekaru aru-aru shaidar ba ta saɓa ba, har zuwa lokacin da ɗakin tiyata ya samu maganin da ke iya kayar da carbin ya bar hankalin a farke.

Maganin sake tsoka, wato allurar da ake yi wa majinyaci domin naman jikinsa ya saki likita ya samu damar aiki, ba ya sa barci kuma ba ya kashe zafi. Aikinsa shi ne tare mahaɗar jijiya da tsoka, ta yadda umarnin ƙwaƙwalwa zai iso bakin ƙofa ya tarar da ita a rufe, kuma tsokar numfashi ma ba ta tsira. Asalinsa dafin kibiya ne da mafarautan Kudancin Amurka suke kira kurare, wanda Harold Griffith da Enid Johnson suka yi amfani da shi a tiyata a birnin Montreal na Kanada ranar 23 ga Janairu 1942. Jikokinsa su ne ake amfani da su yau: sukzametoniyom, mai kama jiki cikin kusan minti ɗaya ya saki bayan kamar minti biyar, da irin su atrakuriyom da fankuroniyom masu daɗewa.

A 1946 wani likitan sa barci a Salt Lake City ta Amurka, Scott Smith, ya sa abokan aikinsa suka yi masa allurar ba tare da maganin barci ba, suna hura masa iska, sai ya zama ko fatar ido ba ya iya ɗagawa, amma yana jin maganarsu, yana jin tsinin allura, yana jin yawu na taruwa a maƙoshinsa ba halin haɗiyewa. Bahaushe ya san ɗanɗanon wannan hali, domin shi ne abin da yake kira dannau, sai dai dannau ba ya zuwa da wuƙa. Babban binciken da aka wallafa a Birtaniya da Ayalan a 2014 ya nuna cewa rahoton farkawa a tsakiyar aiki yana zuwa kusan sau ɗaya cikin 8,000 idan an ba da maganin sake tsoka, sau ɗaya cikin 136,000 idan ba a ba da shi ba, a tiyatar haihuwa kuwa sau ɗaya cikin 670.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to amma wannan fuska an ɗaure ta, kuma a nan tambayar addini ta taso: wa ke ɗauke da nauyin ran da aka hana shi ƙara? Majinyacin da aka ɗauko daga Ƙofar Doka ko Kwarbai zuwa Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, shi ko waliyyinsa sun sa hannu a takarda ne bisa fahimtar cewa ba zai ji komai ba. Izinin da ya halatta wa likita tsaga jikin ɗan Adam, wanda asalinsa haramun ne, a kan wannan sharaɗi ya tsayu, saboda haka shirun da magani ya tilasta ba ya zama yarda. Fiƙihun Malikiyya ya ɗora lamuni, wato biyan abin da aka ɓata, a kan likitan da ya jahilci aikinsa ko ya yi sakaci, ya kuma sauke shi daga ƙwararren da ya yi abin da ya kamata. Ma'aunin sakaci a wannan fage ba ɓoyayye ba ne: kada a tsayar da numfashin mutum sai an tanadi bututun maƙoshi da iskar oksijin da jakar robar da ake matsawa da hannu idan wuta ta ɗauke, a rubuta suna a jikin kowane sirinji, a kuma riƙa duba bugun zuciya da hawan jini da gumi da hawayen da ke gangarowa ta gefen ido, domin su ne harshen da ya rage wa majinyaci. A ƙarshen aiki ana warware maganin mai daɗewa da niyostigmin haɗe da atrofin, kuma ba a zare bututu sai ƙarfin tsoka ya dawo, abin da ake aunawa da wata 'yar na'ura mai aika motsin lantarki sau huɗu a wuyan hannu ana kallon babban yatsa. Faɗin cewa kwana ne ya ƙare gaskiya ne ta fuskar ƙaddara, amma malamai ba su taɓa karɓarsa a matsayin uzurin mai sakaci ba.

Akwai kuma abin da ya fi wuyar aunawa. Tun da malamai sun mayar da hukuncin barci ga sanin mai barcin, shi kaɗai ne shaida a kan abin da ya ji, kuma hakan na wajabta a tambaye shi bayan ya farfaɗo: mene ne abu na ƙarshe da ya tuna kafin barci, mene ne na farko bayan farkawa, ko akwai wani abu a tsakani. A al'ummar da ake yabon jurewa, ake kuma jin nauyin likita, da wuya dattijuwa ta fara wannan magana da kanta, idan kuwa ta fara, sau da yawa 'ya'yanta ne za su riga kowa cewa, Inna, mafarki ne kika yi.