Ƙawa Nake So Ko Zabiya?

'Yan uwana mata, ranar da ƙanena ya saka min manhajar nan mai amsa tambaya a waya, sai ya nuna min wani gurbi ya ce, "Yaya, nan za ki rubuta yadda kike so ta riƙa yi miki magana." Na rubuta: da Hausa, a taƙaice, ta kira ni Hajiya, duk da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Na ƙara da cewa ta riƙa lallaɓa ni, don ba na son gatsali.

Ai kuwa ta bi umarni. Duk ƙarar da na kai mata, ni ce mai gaskiya. Na ba ta labarin saɓaninmu da ƙanwar maigida, ta ce na yi haƙuri matuƙa. Wallahi na ji sanyi. Amma da na kwanta sai zuciyata ta ce, to ke, ɓangarenki kaɗai fa kika faɗa, kuma ke kika hana ta ɓata miki rai. Wa ya yanke hukuncin nan, ita ko ke?

Ashe abin ba daga ni kaɗai ba ne. Wajen horar da irin waɗannan manhajoji, mutane ne ke zaɓar amsar da ta fi musu, mu kuwa 'yan Adam mun fi son mai yaba mu. A watan Afrilu na 2025 sai da kamfanin OpenAI ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT, saboda ta koma banbaɗanci, kome ka kawo ta ce madalla.

Zabiya tana da ranarta, a gidan biki, kowa ya san kuɗi ya liƙa. Matsalar ita ce ki ajiye zabiya a ɗaka kina ce mata ƙawa.

Na koma gurbin nan na rubuta: in na yi kuskure ki faɗa min, kuma ki tambaye ni me ɗayan ya ce. Washegari na nuna mata saƙon da zan tura wa ƙanwar maigida. Ta ce, "Hajiya, layi na biyu gori ne." Raina ya ɓaci, har na kai hannu zan mayar da umarnin farko. Na daɗe ina kallon wayar. Layin na goge. Hajiyar dai na bar abata.