Wane Suna Za Ka Sa Mata?

Karatu: Ayuba 42:12-15

Ɗan'uwa, Ayuba ya rasa 'ya'ya goma rana ɗaya. Da Ubangiji ya sāke ba shi goma, Littafi Mai Tsarki bai faɗi sunan ko ɗaya cikin maza bakwai ɗin ba, sai na 'yan mata uku: Yemima, wato kurciya, Keziya, itacen ƙanshi, Keren-haffuk, tandun kwalli. Ka duba, babu toka ko gyambo a cikinsu. Har gādo ya ba su tare da 'yan'uwansu maza.

A ƙasarmu, idan mace tana wabi, akan kira jaririyar Ajuji ko Ayashe, wai don mutuwa ta raina ta, ta wuce. Ban zargi iyayenmu ba, tsoro ne. Amma kai jinin Yesu ya fanshe ka, ba ka bukatar yi wa mutuwa wayo.

Ko ka so namiji ne aka haifi mace? Kada ɓacin ranka ya shiga sunanta. Ku durƙusa da matarka kafin dangi su kawo nasu. Godiya ce, ko Alheri, ko Murna?

Addu'a: Uba, ka sa mini sunan 'yata a baki, cikin sunan Yesu. Amin!