SHIN IN ƘWACE LITTAFIN DAGA HANNUN ƊANA?



Wani bawan Allah ya turo mini saƙo, wai ɗansa ya maƙale wa wani littafin Turanci, Hatchet na Gary Paulsen, ko ya ƙwace? Na ce dakata Malam, bari in karanta tukuna.

Labarin wani yaro ne, Brian, ɗan shekara 13. Matuƙin ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi ya mutu, jirgin ya faɗa tafki a dajin Kanada. Kwana 54 ya yi shi kaɗai, daga shi sai ɗan gatarin da mahaifiyarsa ta ba shi. Da gatarin ya yi ta ƙyasta dutse har wuta ta kama. Ya gane kuka ba ya kawo abinci.

To jama'a, ai wannan shi ne riƙo da sababi. Ku duba Hijira: Manzon Allah (SAW) ya ɗauki ɗan jagora, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, ya ɓuya kwana 3 a kogon Saur, Asma'u ta haɗa guzuri. Duk da haka dogaronsa ga Allah yake.

Nan littafin ya gaza, don yaron da kansa ya dogara. Kai uba, kai za ka cike wannan giɓin. Kada ka ƙwace. Zauna da ɗanka ka tambaye shi: wa ya hore masa wutar? In babu ruwa, yaya ake taimama? Yaya zai gane alƙibla a daji?

Allah Ya shirya mana zuri'a.