Baƙo Ko Da Ido Makaho Ne: Wa Zai Auna Jagora?

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a zangon Hausawa na Agege ya san Ikko kasuwar aƙidu ce, kamar yadda take kasuwar goro da shanu. Mukan bar masallacin unguwa mu nufi Ikeja, kafin mu isa mun wuce alluna iri-iri masu kiran mutane zuwa ga natsuwar zuciya. Wani allon na 'yan Eckankar ne. A Iju, nan maƙwabtanmu, Guru Maharaj Ji ya kafa cibiyarsa. A ɗakunan motsa jiki kuwa ana koyar da yoga, har wasu 'ya'yanmu ma'aikatan ofis sukan leƙa saboda ciwon baya ko rashin barci.

Wannan maƙala ba fatawa ba ce a kan halaccin yoga, wannan fagen malamai ne. Tambayarmu ita ce: mutumin da ya bar hanyar gidansu yana neman haske a wata hanya, da wane ma'auni zai auna wanda ya kama masa hannu? Za mu ɗauki misali daga labarin Turawan da suka rungumi addinin Sikh, sannan mu dawo gida.

Asalin Hanyar

An haifi Guru Nanak a shekarar 1469 a ƙasar Punjab, a garin da yanzu ake kira Nankana Sahib cikin Pakistan, ya rasu a 1539. Ya yi kira ga kaɗaita Ubangiji, ya kuma ɗora rayuwar mabiyi a kan abubuwa uku: ambaton sunan Ubangiji, da cin guminka, da raba abin da ka samu da mabukata. Daga nan ne aka sami al'adar ciyar da kowa kyauta a wuraren ibadarsu, mai kuɗi da talaka a shimfiɗa ɗaya. Abin lura shi ne Nanak ya yi muhawara da masu yoga na zamaninsa, ya soki gudun duniya da suke yi zuwa duwatsu alhali da abincin magidanta suke rayuwa.

Jagorori tara suka biyo bayansa. Na ƙarshensu, Guru Gobind Singh, kafin rasuwarsa a 1708, ya rufe ƙofar jagorancin ɗan'adam, ya ce daga ranar littafinsu mai tsarki, Guru Granth Sahib, shi ne jagora. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Ƙishirwar Turawa

A shekarun 1960 samarin Amurka da yawa sun ƙosa da yaƙin Biyetnam da tseren tara abin duniya. Wasu suka faɗa shaye-shaye, wasu suka juya fuska gabas suna neman malami. Cikin wannan yanayi ne Harbhajan Singh, tsohon ma'aikacin kwastan a Indiya, ya sauka Kanada a 1968, ya zarce Los Angeles, inda aka san shi da Yogi Bhajan. A 1969 ya kafa ƙungiyar 3HO, wadda sunanta ke nufin lafiya da farin ciki da tsarki. Ya koyar da abin da ya kira Kundalini yoga, wato haɗa sarrafa numfashi da motsa gaɓoɓi da maimaita kalmomin ibadar Sikh.

Ba da jimawa ba ɗalibai suka zama mabiya. Maza da mata suka naɗa farin rawani, suka sake suna, suka daina giya da nama. Sukan tashi kafin asuba su yi wanka da ruwan sanyi, su shafe wajen awa biyu da rabi suna wuridinsu. Suka kafa mazauni a Espanola ta jihar New Mexico, suka buɗe kamfanoni irin su Yogi Tea da Akal Security. Haka kuma kalmar Ik Onkar, wadda ta buɗe littafin Sikh da ma'anar Ubangiji ɗaya ne, ita ce tushen sunan Eckankar da Ba'amurke Paul Twitchell ya kafa a 1965. Ke nan kalmar ta bar Punjab, ta yada zango a Amurka, sannan ta iso allunan Ikko.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa ƙishirwar waɗannan mutane ta gaskiya ce. Wanda ya bar ƙwaya ya koma tashin asuba da ciyar da mayunwata bai cancanci dariya ba. Sai dai Yogi Bhajan ya rasu a 2004, bayansa kuma abubuwa suka bayyana. A 2012 wani manazarci, Philip Deslippe, ya nuna cewa yogar da aka ce musu sirri ce ta tun zamanin da, haɗi ce da shi kansa ya yi daga koyarwar malamansa biyu. A 2020 tsohuwar sakatariyarsa, Pamela Dyson, ta wallafa littafi a kan abin da ta ce ya yi mata, wasu matan suka bi sahu. Hukumar tafiyar ta ɗauko masu bincike daga waje, wato An Olive Branch, waɗanda suka yanke cewa mafi rinjayen zato shi ne ya ci zarafin mata mabiyansa. Wasu almajiran sun ƙi yarda da rahoton, wasu kuma sun sauke hotonsa daga bango. In kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, musun sai da hujja.

Darasin Zango

Yaya mutane masu ilmin boko da hankali suka shekara hamsin ba su tambaya ba? Amsar, a ganinmu, tana cikin zangon nan namu. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a farkon ƙarni na ashirin, falke kan sauka Agege bai san Yarbanci ba, bai san mai gaskiya daga mazambaci ba. Hausawa suka ce baƙo ko da ido makaho ne. Amma ba a bar makantarsa ta halaka shi ba. Yakan sauka wurin maigida, maigida ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa a kan bashi. In maigida ya ci amana, akwai Sarkin Hausawa da dattawan zango, labari kuma zai riga shi isa Kano. Mai sayen goro yakan sa a kwance huhu, a ƙirga ƙwarya a gabansa, ya fasa ɗaya ya duba ko akwai sankara. Hikimar tsarin ita ce ba a tara dukkan muƙaman a hannun mutum ɗaya ba.

Baturen da ya shiga hannun Yogi Bhajan ya sami akasin haka. Bai iya harshen Punjabi ba, balle ya karanta littafin da kansa. Ba shi da kaka a cikin addinin da za ta ce masa ba haka muka gada ba. Mutum guda shi ne maigidansa, shi ne dillali, shi ne mai haja, shi ne kuma sarkin da za a kai wa ƙara. Shi ke zaɓa wa wasu abokan aure, shi ke ba su aiki. Abin takaici shi ne addinin da suka shiga ya riga ya yi maganin wannan cuta tun 1708, ya ɗaga littafi da jama'a sama da kowane mutum. Ma'aunin yana cikin gidan, baƙon ne bai san inda aka rataye shi ba.

Wani zai ce: ai ba a samun tarbiyyar zuciya sai da miƙa wuya, mu ma a ɗariƙunmu ana kwatanta muridi da gawa a hannun mai wanka. Haka ne, kuma mu ma hasken da ya zo daga nesa bai zama mana baƙon abu ba. Daga Kaulaha ta Senegal Shehu Ibrahim Inyass ya zo Kano, daga Amurka kuma baƙaƙen fata suka riƙa zuwa wurin jikansa Shehu Hassan Sise. Amma shehunnan gaskiya ba su ce a ajiye ma'auni ba. An ruwaito Shehu Ahmadu Tijjani ya umurci mabiyansa su auna duk abin da aka jingina masa da shari'a, su watsar da wanda ya saɓa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa ya yi ta gargaɗi a kan miyagun malamai. Miƙa wuya yana da ma'ana ne idan shi jagoran ya miƙa nasa wuyan ga abin da ya fi shi.

Kammalawa

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu nawa ne a Agege muke kai matsalolinmu ga wanda ba mu san malaminsa ba, don kawai an ce aikinsa yana ci? Mata nawa aka ce su zo su kaɗai da dare a yi musu addu'a, muka ji muka kau da kai saboda kwarjinin rawani? Yaron da aka haifa a Ikko, wanda bai sami zaman zaure ba, baƙo ne ko a cikin addinin iyayensa, kuma wayar hannunsa cike take da masu cewa su ne hanya.

Saboda haka tambayoyi uku muke ba shi guzuri, ko ina ya nufa. Wannan jagora, a wurin wa ya karanta, kuma ana iya tabbatarwa? Wane littafi ko wace doka ce ke sama da shi? In ya yi kuskure, wa ke da ikon tsawata masa? Wanda ya fusata da waɗannan tambayoyi ya riga ya amsa su. A kanmu manya kuma akwai nauyin koyar da yara karatu da kansu, da sauraren mai kuka ko da a kan wanda muke girmamawa take kukan. Gemun wasu ya kama wuta a Espanola, ya kamata mu shafa wa namu ruwa. Allah Ya haɗa mu da jagororin ƙwarai, amin.