Salamar Kaisar da Salamar Baitalami

Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, majami'u da yawa a duniya suna shiga lokacin da ake kira Adbent, wato lokacin jiran zuwan Almasihu. A cocin Katolika da na Angilika ana yi wa bagade ado da launin shunayya, ana kunna kyandir ɗaya kowace Lahadi, kuma a wurare da dama na biyun shi ne kyandir na salama. Kalmar nan tana cikin wa'azi, tana cikin waƙoƙi, tana cikin gaisuwar da ake aika wa juna ta waya. Amma wace irin salama ake nufi?

Luka bai fara labarin haihuwar Yesu da makiyaya ba. Da sunan Kaisar Augustas ya fara, sarkin da ya ba da umarnin ƙidayar da ta kai Yusufu da Maryamu Baitalami. Augustas kuwa shi ne wanda duniyar wancan zamani ta sani da kawo zaman lafiya. Ya kawo ƙarshen yaƙe-yaƙen basasar Roma, ya yi mulki daga shekara ta 27 kafin haihuwar Almasihu zuwa ta 14 bayanta, har aka gina bagade na musamman don salama a birnin Roma saboda shi. Hanyoyi sun yi lafiya, fatauci ya bunƙasa. Sai dai a dubi abin da ke riƙe da wannan kwanciyar hankali: rundunonin soja, haraji, da gicciye. Marubucin tarihi Josifus ya ruwaito cewa bayan mutuwar Hirudus, da tawaye ya tashi a Yahudiya, Farus gwamnan Suriya ya gicciye mutum wajen 2,000. Daga nan ƙasa ta yi tsit.

A cikin wannan ƙasar da ta yi tsit ne Luka ya ce mala'iku sun yi shelar salama ga makiyaya da dare. Wanda ya riga ya samu abu ba a yi masa albishir da shi. Ke nan abin da Kaisar ya samar wani abu ne daban.

Kalmar Ibrananci da ke bayan wannan ita ce shalom, 'yar uwar salam ta Larabci da muke gaisawa da ita kullum. Ma'anarta ta wuce rashin faɗa. Tana nufin cika, abu ya zama ba shi da ɓaraka, kuma daga tushenta ne ake samun kalmar biyan bashi. Wannan ya isa a tsaya a yi tunani. Garin da mai ƙarfi ya cinye gonar maraya, kowa ya kama bakinsa, gari ne mai shiru, amma bashi yana nan ba a biya ba. Mu Hausawa mukan ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma gaskiya ne; sai dai an sha jin karin maganar nan a bakin wanda ya taka wani, yana neman wanda aka taka ya daina ƙara.

Shi ya sa wanda ake karanta labarinsa a Lahadi ta biyu da ta uku ta Adbent ba mai lallashi ba ne. Yahaya Mai Baftisma ne, mutumin jeji mai kaushin harshe. Da jama'a suka tambaye shi abin da za su yi, bai ba su dogon bayani ba. Mai riga biyu ya ba marar ita ɗaya. Mai karɓar haraji kada ya ƙara ko kwabo a kan abin da aka ƙayyade. Soja ya bar ƙwace da ƙazafi, albashinsa ya ishe shi. Duk wanda ya taɓa bin manyan hanyoyinmu a watan Disamba ya san waɗannan kalmomi ba su tsufa ba.

Kalandar ikilisiyar Yamma ma ba ta bari mai biki ya ruɗi kansa. Ranar 25 ga Disamba haihuwa ce. Ranar 26 ta Istifanus ce, wanda aka jajjefe har ya mutu. Ranar 28 ta yaran Baitalami ce da Matiyu ya ce Hirudus ya sa aka karkashe. Tun ba a gama cin shinkafar biki ba an koma makoki. Kiristocin ƙasar nan ba sa bukatar a fassara musu wannan. A safiyar Kirsimeti ta 2011 bam ya tashi a cocin St. Theresa da ke Madalla, ya kashe fiye da mutum 30. A jajibirin Kirsimeti na 2023 an kashe fiye da 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi.

To me za a faɗa wa matar da ta binne mijinta a irin wannan rana? Idan "salama" a bakin mai wa'azi tana nufin ta yi haƙuri ta bar maganar, a ganina salamar Kaisar ce aka sa mata rigar coci. Tana da ikon ta nemi a kama wanda ya yi, a yi shari'a. Abin da koyarwar Yesu ta hana ta, kuma nan ne wuyar take, shi ne ta renon 'ya'yanta a kan cewa wata rana su rama a kan maƙwabcin da laifinsa kawai shi ne addininsu ɗaya da mai kisan. Koyarwar ta ma zarce haka, ta ce a ƙaunaci maƙiyi, ba tare da jiran ya cancanta ba. Mutum yana iya ganin wannan ya fi ƙarfin ɗan Adam, kuma ba zan yi masa gardama mai tsawo ba.

Amma an ga waɗanda suka gwada. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin Kaduna na 1992. Imam Muhammad Ashafa, wanda ke ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tare, suna cikin waɗanda suka yi aikin sulhu a Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004. Wuye da bakinsa ya faɗa cewa shekarun farko na aikin, suna tafiye-tafiye tare, wani lokaci suna kwana ɗaki ɗaya, zuciyarsa ba ta daina raya masa ya kashe abokin tafiyar tasa ba. Gari ya waye, su ɗauki jakunkunansu su nufi gari na gaba.